Wa Ke Riƙe da Alƙalamin? Jihadin 1804 da Son Rai Wajen Fassara Tarihi

A watan Nuwamban 2022 gwamnatin tarayya ta ba da sanarwar maido da darasin Tarihi cikin manhajar makarantun firamare da ƙananan sakandare, bayan ya shafe fiye da shekara goma a waje. Jama'a da dama sun yi murna, ni ma ina cikinsu. Sai dai murnar ba ta raba ni da wata tambaya ba, wadda nake ganin ta fi sanarwar nauyi: wane tarihin za a koyar, kuma da bakin wa? Malamin da zai tsaya gaban yara a Sakkwato, da takwaransa na Argungu, da na Suleja, da na Bauchi, duk za su iso kan babi guda, wato jihadin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo. A cikin ajin kowannensu akwai jikokin waɗanda suka karɓi tuta, da jikokin waɗanda suka rasa sarauta, da jikokin waɗanda aka kamo a yaƙi aka sayar. Abin da malamin nan ya faɗa, da abin da ya tsallake, shi zai zauna a zukatan yaran har su yi furfura.

Maganar ta ƙara zafi saboda halin da muke ciki. Duk mai leƙa Facebook ko TikTok ya ga yadda shekarar 1804 ta zama sandar duka. Wasu na cewa ba wani abu ba ne illa mamayar da Fulani suka yi wa Hausawa, har suna ɗaura ta'asar 'yan bindigar Zamfara da Katsina a wuyan wannan shekara. Wasu kuma na ganin duk wanda ya yi tambaya a kan jihadin, ko da ta neman sani ce, ya taɓa addini. Kowane ɓangare yana rantsuwa cewa tarihi ne shaidarsa. Shi ya sa nake so mu bi sawun labarin nan tare da mai karatu, mu ga hannuwa nawa ya ratsa kafin ya iso gare mu, da irin buƙatar da kowane hannu yake da ita.

Abin da ba a jayayya a kansa

An haifi Shehu a Maratta ta ƙasar Gobir a 1754, ya fara wa'azi yana ɗan kimanin shekara ashirin, ya zauna a Degel jama'a na ta taruwa gare shi. Sarkin Gobir Bawa Jangwarzo ya girmama shi, ya amince masa da wasu buƙatu a taron Magami, ciki har da 'yancin yin wa'azi da sakin fursunoni. Sarki Nafata ya zo ya ƙuntata wa jama'ar, ya hana rawani da lulluɓi. A zamanin Yunfa aka kai wa Gimbana hari, garin Malam Abdussalami. A watan Fabrairun 1804 Shehu ya yi hijira daga Degel zuwa Gudu, a watan Yunin shekarar aka gwabza a Tabkin Kwatto, jama'arsa suka yi nasara. Sun sha kashi a Tsuntsuwa, inda aka rasa mahaddata Alƙur'ani masu yawa. Kano da Katsina da Daura da Zazzau suka faɗi ɗaya bayan ɗaya, Alƙalawa ta faɗi a 1808, aka kashe Yunfa. Shehu ya rasu a 1817, ɗansa Muhammadu Bello ya riƙe sarautar Musulmi har 1837.

A kan wannan jerin babu gardama mai yawa. Gardamar tana farawa ne daga inda aka ce: me ya sa aka yi, su wa suka yi, wa ya amfana, wa ya cutu, kuma wane suna ya dace da abin. A nan ne son rai yake samun ƙofar shiga.

Alƙalamin shugabannin jihadi

Mafi yawan abin da muke karantawa game da yaƙin ya fito ne daga alƙalamin mutum uku: Shehu, da ƙanensa Abdullahi, da ɗansa Bello. Bello ya rubuta Infaƙul Maisuri a 1812, Abdullahi ya tsara Tazyinul Waraƙati a 1813. A Kitabul Farƙi an jero halayen mulkin sarakunan da aka ture, irin su jangali da kuɗin gari da gaisuwa da ƙwace dukiyar talaka. Waɗannan littattafai taska ce, kuma marubutansu malamai ne na gaske. Amma mutanen da suka yi yaƙin ne da kansu, kuma sun yi rubutun ne don su kafa hujjar halaccin abin da suka yi, a gaban almajiransu da gaban malaman da ke sukar su. Kusan duk abin da ɗalibi zai karanta game da Yunfa, waɗanda suka yaƙe shi ne suka rubuta. Alƙali mai adalci, ko da ya amince da gaskiyar mai ƙara, ba ya yanke hukunci sai ya nemi jin ta bakin wanda ake ƙara.

Abin sha'awa shi ne, su kansu shugabannin sun fi magoya bayansu na yau sakin jiki da suka. Lokacin da mayaƙan jihadi suka shiga Barno har suka ci Birnin Ngazargamu a 1808, Shehu Muhammadul Aminu Elkanemi ya aiko da wasiƙu yana tuhuma: da wace hujja ake yaƙar mutanen da ke salla da azumi? Ya ce aikata saɓo da bin wasu al'adu ba su fitar da mutum daga Musulunci. Bello bai ƙone wasiƙun nan ba. Ya saka su cikin Infaƙul Maisuri, sannan ya ba da amsarsa. Haka ya yi da wasiƙun Abdussalami, wanda ya yi masa tawaye bayan rasuwar Shehu, ya adana su cikin Sardul Kalami. Shi kuwa Abdullahi, tun yaƙi bai ƙare ba ya ga son duniya ya fara shiga zukatan wasu abokan tafiya, har ya bar su a 1807 da niyyar tafiya gabas. Mutanen Kano suka tsayar da shi, ya rubuta musu Liya'ul Hukkami, daga baya ya komo. Ashe sukar farko da aka yi wa yadda al'amarin ke tafiya daga cikin gida ta fito. Wanda ya ce a yau haramun ne a yi nazarin kurakuran daular, ya ɗora wa kansa tsananin da Malam Abdullahin Gwandu bai ɗora ba.

Labarin waɗanda suka bar gida

Sarakunan da aka ture ba su ɓace daga doron ƙasa ba. Zuriyar sarakunan Katsina ta kafa Maraɗi ƙarƙashin Ɗan Kasawa. Gobirawa suka kafa Tsibiri bayan yaƙin Gawakuke na 1836. Sarkin Zazzau Muhammadu Makau ya yi kudu, ɗan'uwansa Abu Ja ya kafa Abuja a 1828, garin da ake kira Suleja yanzu. Kabawa suka tattara a Argungu, suka ci gaba da fafatawa da Sakkwato da Gwandu har zuwan Turawa. Har gobe Sarkin Katsina ake kiran sarkin Maraɗi, na Tsibiri kuma Sarkin Gobir.

A fadojin nan ana ba da labarin shekarun jihadi da wani harshe dabam. A bakin makaɗa da marokan can, labarin na mutanen da aka raba da gadon iyayensu ne, suka ƙi miƙa wuya. Hare-haren da Sarkin Maraɗi Ɗan Baskore ya riƙa kaiwa ƙasar Katsina da Kano, a wannan gefen ana tuna su a matsayin ɓarna, a can kuwa jaruntaka ce. Waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi, amma daɗi dabam, gaskiya dabam. Maroƙin fada yana da ubangida, kuma ba a ba shi riga don ya faɗi inda ubangidan ya yi zalunci. Saboda haka labarin Maraɗi ma yana buƙatar tankaɗe da rairaya, daidai da na Sakkwato. Abin takaici shi ne iyakar da Ingila da Faransa suka shata ta raba shaidun biyu: ɗalibin Nijeriya yana tashi da rabin labari cikin Turancin Ingilishi, na Nijar yana tashi da ɗaya rabin cikin Faransanci.

Bature da buƙatarsa

A watan Maris na 1903, bayan cin Sakkwato, Gwamna Lugga ya tara manyan gari ya yi musu jawabi. Ma'anar jawabin ita ce: Fulani sun ci ƙasar nan da yaƙi a zamanin Ɗanfodiyo, suka sami ikon naɗa sarakuna da karɓar haraji, yanzu an ci su da yaƙi, don haka ikon ya koma hannun Ingila. A lura da hikimar da ke ciki. Idan jihadin gyaran addini da shari'a ne wanda jama'a suka yi wa mubaya'a, to Bature ba shi da gado a cikinsa. Idan kuwa wata ƙabila ce ta ci wata da ƙarfin takobi, to wanda ya zo da bindiga mai ruwa ya gaje ta da hujja iri ɗaya. Fassarar ƙabilanci ita ce ta dace da buƙatar mai mulkin mallaka, shi ya sa ya rungume ta.

Kafin yaƙin, rahotannin da ake aikawa Landan suna siffanta sarakunan a matsayin azzalumai masu farautar bayi, don a sami dalilin kawo musu hari. Bayan an ci su, aka ga ba za a iya mulkin ƙasar ba sai da su, sai harshe ya juya: Fulani suka zama mutanen da aka halitta don mulki. Mutanen ba su sauya ba, buƙatar ce ta sauya. A 1906 Turawa suka maido da tsohon gidan sarautar Daura, a shekarar kuma suka kawar da gidan Dallazawa a Katsina suka naɗa Muhammadu Dikko. Inda tsohon tarihi ya yi musu daidai sun ɗauke shi, inda bai yi ba sun ajiye shi.

A ƙarƙashin wannan duka akwai wata aƙida da ta mamaye masanan Turai na lokacin, wadda C. G. Seligman ya bayyana ƙarara a littafinsa na 1930 kan jinsunan Afirka: wai duk wani ci gaba da aka gani a ƙasar baƙar fata, wasu baƙi masu hasken fata ne suka kawo shi daga arewa ko gabas. Da wannan tabarau H. R. Palmer, wanda ya buga fassarar Tarihin Kano a 1908, ya riƙa duban asalin daulolinmu. Da shi aka karanta labarin Bayajidda, aka ɗauke shi tamkar rahoton zuwan baƙon da ya koya wa Hausawa sarauta. Hatta littafin Bello bai tsira ba: da E. J. Arnett ya juya shi zuwa Ingilishi a 1922, sai ya ba shi suna mai ma'anar tasowar Fulanin Sakkwato, sunan da marubucin bai ba shi ba. Kalmar Haɓe ma, wadda a Fulatanci take nufin waɗanda ba Fulani ba, ta zama sunan hukuma na zamani guda na tarihinmu. A 1967 littattafai biyu suka fito a kan daula guda: H. A. S. Johnston, tsohon jami'in mulkin mallaka, ya kira ta Daular Fulani ta Sakkwato. Murray Last, wanda ya zauna gaban Waziri Junaidu ya karanta takardun fada, ya kira ta Khalifancin Sakkwato. Tun daga bangon littafi an riga an yanke hukunci.

Tuta ɗaya, jam'iyya biyu

Da siyasar jam'iyyu ta zo, sai gadon Shehu ya zama abin jayayya a dandali. Sardaunan Sakkwato, Sa Ahmadu Bello, jinin gidan ne, kuma jam'iyyar NPC ta tsaya a kan cewa tsarin sarauta amana ce da aka gada daga mujaddadi, wadda ta haɗa Arewa wuri guda. Jam'iyyar NEPU, wadda aka kafa a Kano ranar 8 ga Agustan 1950, ta buɗe littattafan nan dai, ta karanto akasin haka. Malam Aminu Kano, wanda shi ma ɗan gidan malamai ne Fulani, ya riƙa nuna cewa abubuwan da Shehu ya yaƙi sarakunan Gobir a kansu, na haraji mai nauyi da gaisuwa da danne talaka a kotu, su ne ake yi a ƙarƙashin En'e. Jangalin da aka soka a Kitabul Farƙi bai daina karɓuwa ba, a zamanin daular da kuma zamanin Turawa.

Wa ya yi ƙarya a cikinsu? A ganina babu wanda ya ƙirƙiro abin da babu shi. Shehu ya yi umarni da biyayya ga shugaba, ya kuma yi tsananin suka ga shugaba azzalumi. Kowane ɓangare ya ɗebi abin da zai kai shi gaci, ya rufe ido ga sauran. Wannan ita ce hanyar da siyasa ta fi bi wajen lanƙwasa tarihi. Ƙarya tsagwaronta ramin ta ƙurarre ne, ana saurin kama ta. Zaɓen gaskiya guda a ɓoye 'yar'uwarta shi ne mai wuyar ganewa, domin duk abin da aka faɗa maka za ka same shi a littafi.

Ko a kwanan nan mun ga irin haka a Kano. Da aka ƙirƙiro masarautun Bichi da Gaya da Ƙaraye da Rano a 2019, masu goyon baya sun tuna mana cewa Rano tana cikin Hausa Bakwai, Gaya kuma tsohon gari ne tun kafin zuwan Fulani. Masu adawa suka ce Kano ɗaya ce tun zamanin Bagauda, kuma gidan Dabo yake riƙe da ita tun 1819. Da aka soke dokar a watan Mayun 2024, sai aka sake zazzage tarihin nan dai. Kowa ya san a majalisa da gidan gwamnati ake yanke hukuncin. Tarihi gayyato shi ake yi ya sa hannu bayan an gama.

Malaman jami'a da nasu gefen

Bayan samun 'yanci, masana suka tashi gyara ɓarnar da aka yi. Kenneth Dike da abokansa sun kafa ƙungiyar masana tarihi ta Nijeriya a 1955. Abdullahi Smith ya kafa sashen Tarihi na Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, ya kafa Gidan Arewa a Kaduna a 1970. A maƙalarsa ta 1970 kan kafuwar dauloli a ƙasar Hausa, ya nuna cewa birni ya tsiro ne daga ƙauye da gari, ta hanyar noma da ƙira da fatauci da buƙatar tsaro, ba sai wani ɗan sarki ya zo daga Bagadaza ba. Binciken tono ƙasa ya nuna ana narka ƙarfe a Dutsen Dala tun wajen ƙarni na 7. Dokta Yusufu Bala Usman, a littafinsa na 1981 kan sauyin da Katsina ta yi daga 1400 zuwa 1883, ya ƙi yarda da raba mutane gida biyu, Haɓe da Fulani. Ya duba sana'a da matsayi da mazauni, ya tattara bayanan baka har daga Maraɗi. Ya kuma yi nazari na musamman a kan Heinrich Barth, matafiyin nan Bajamushe da ya ratsa Katsina da Kano a 1851, don ya nuna cewa ganau ma yana gani ne da idon da ya zo da shi.

Su ma waɗannan malamai 'ya'yan zamaninsu ne. Sun yi rubutu a lokacin da ake fafutukar gina ƙasa da mayar wa Turawa martani, don haka hankalinsu ya fi karkata ga ilimi da tsarin mulki da haɗin kan daular. Batun bauta bai sami kason da ya kamace shi ba sai daga baya, musamman a littafin Paul Lovejoy da Jan Hogendorn na 1993, wanda ya bi diddigin yadda bauta ta daɗe tana jan ƙafa a Arewa har dokar 1936 ta soke ta. Bala Usman kansa bai taɓa ɓoye ra'ayinsa na siyasa ba, ya ma yi aiki a gwamnatin PRP ta tsohuwar Jihar Kaduna. Wannan bai rage darajar aikinsa ba, domin ya shimfiɗa hujjojinsa a fili yadda mai ja da shi zai iya bin sawunsa ya kama shi in ya kauce.

To, ina adalci yake?

Wani zai ce, tunda kowa da gefensa, ai sai kowa ya riƙe nasa labarin. Ban yarda da wannan ba. Gaskiya ne babu marubucin da ya faɗo daga sama, kowa yana da gari da addini da abin da yake so. Amma wannan bai mayar da dukan labarai daidai ba. Akwai mai ra'ayin da in hujja ta saɓa masa zai sauya magana, akwai wanda in hujja ta saɓa masa zai binne ta. Na farko masanin tarihi ne, na biyu maroƙi ne ko da yana da digiri uku.

Ba sai mun je Turai aron ma'auni ba. Ibn Khaldun, a Muƙaddimar da ya rubuta a 1377, ya lissafa abubuwan da ke shigar da ƙarya cikin labari. Na farkonsu shi ne ɓangaranci ga wani ra'ayi ko mazhaba, domin rai yana saurin karɓar abin da ya dace da son sa ba tare da bincike ba. Ya ambaci yawan amincewa da mai ba da labari, da neman kusanci ga masu mulki ta hanyar yabo, da jahiltar yadda al'umma take gudana. Ya ba da misali da adadin mayaƙan Banu Isra'ila dubu ɗari shida da magabata suka ruwaito, ya auna shi da faɗin ƙasa da yawan zuriya, ya nuna ba zai yiwu ba. Malaman hadisi kuma sun bar mana al'adar tambayar wa ya faɗa, daga wa ya ji, yaya halinsa, kuma ko yana da wata riba a cikin abin da ya ruwaito. Al'ummar da ta gaji wannan ilimi bai kamata ta riƙa haɗiye saƙon WhatsApp ba tare da tauna ba.

Mu gwada ma'aunin a kan maganganu uku da ke yawo. Ta farko, cewa jihadin mamayar ƙabila ce. Dole mai adalci ya yarda cewa mafi yawan waɗanda suka karɓi tuta Fulani ne, kuma sarautun da suka biyo baya sun zauna a gidajensu. Ɓoye wannan rashin gaskiya ne. Amma dole ya ƙara da cewa Abdussalami, wanda harin da aka kai wa garinsa ya kunna wutar, Ba'are ne. Yakubun Bauchi Bageri ne. Akwai Hausawa da Buzaye cikin jama'ar Shehu, akwai kuma Fulani a rundunar Gobir. Rubuce-rubucen shugabannin a kan imani da shari'a da zalunci suke magana, kuma Nana Asma'u ta yi waƙoƙinta da Larabci da Fulatanci da Hausa don saƙon ya isa ga kowa.

Ta biyu, cewa kafin 1804 duhu ne kawai. Ina za a kai Muhammadu Rumfa, wanda Shehu Magili ya rubuta wa nasiha kan mulki a ƙarshen ƙarni na 15? Ina za a kai Ɗanmarina da Ɗanmasani na Katsina, da hasumiyar Gobarau? Shehu kansa a hannun malaman ƙasar nan ya yi karatu, irin su Malam Jibrilu ɗan Umaru.

Ta uku, cewa daular adalci ce zalla daga farko har ƙarshe. Ta kawo yaɗuwar ilimi da faɗaɗar kasuwanci da tsarin shari'a a ƙasa mai faɗi, wannan tabbas ne. Amma an yi farautar bayi a kan al'ummomin da ke gefenta, jikokinsu kuma ba su manta ba. An yi Basasar Kano daga 1893, 'yan gida ɗaya suka kashe juna a kan gadon sarauta. Laifi tudu ne, kowa ya taka nasa ya hango na wani.

Shi kuwa ɗaura ta'addancin yau a wuyan 1804, rufe ido ne ga dalilan da ke gabanmu: cinye burtali da makiyaya, satar shanu, rashin adalci a kotu da ofishin 'yan sanda, ramuwar gayya tsakanin 'yan sa-kai da 'yan bindiga, haƙar zinariya, da kwararowar makamai. Waɗannan suna da masu alhaki da ke raye, waɗanda za a iya tuhuma. Mai mayar da laifin kan mutanen da suka rasu shekara ɗari biyu da suka wuce yana yi wa masu laifin yau hidima ne, ya sani ko bai sani ba. Kuma Bafulatanin da aka kore wa shanu da Bahaushen da aka ƙone wa rumbu duk a maƙabarta ɗaya ake binne su.

Abin da nake roƙo

Ga masu tsara manhaja, ina roƙon a koya wa yaro yadda ake auna labari, kada a tsaya ga haddar sunaye da shekaru. A sa masa hujjar Bello da ta Elkanemi gefe da gefe, a tambaye shi me kowannensu yake son tabbatarwa. A karanta masa yadda Sakkwato ta ba da labarin Gawakuke da yadda Tsibiri take ba da shi. Ga jami'o'inmu, lokaci ya yi da za a fassara manyan littattafan jihadi zuwa Hausa mai sauƙi, cikakku ba guntaye ba, domin mai yanko layi ɗaya ya yaɗa yana cin kasuwarsa ne saboda jama'a ba su ga shafin gaba ɗaya ba. A ƙarfafa zumunci tsakanin sassan Tarihi na Zariya da Kano da Sakkwato da takwarorinsu na Yamai da Maraɗi da Damagaram. A kula da takardun da ke Gidan Arewa, da Gidan Adana Takardu na Ƙasa da ke Kaduna, da cibiyar tarihi ta Waziri Junaidu a Sakkwato, a ɗauke su a na'ura kafin gara da ƙura su gama da su. A kuma ɗauki muryar tsofaffin da suka san labarin garuruwansu, har da na al'ummomin da ba su da fada ba su da maroƙi.

Ga mai karatu kuwa, duk ranar da wani ya zo maka da tarihi yana huci, ka yi masa tambaya huɗu: wa ya fara faɗin wannan, yaushe, me yake nema, kuma me abokin hamayyarsa ya ce? Ka ƙara ta biyar ga kanka: da labarin nan gidanmu ya soka, zan karɓe shi da irin wannan sauri?

A 1934 Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya kai ziyara Argungu, garin da ya shafe shekaru masu yawa yana yaƙi da kakanninsa. Kabawa suka shirya masa kamun kifi don girmamawa, daga nan bikin da duniya ta sani a yau ya samo asali. Mutanen da suka yi wannan sulhu sun fi mu kusa da yaƙin, wasunsu iyayensu ne suka faɗi a fagen fama. Ba su manta abin da ya faru ba, kuma babu wanda ya tilasta wa wani ya bar nasa labarin. Sun dai ga cewa ƙasa ɗaya za su ci gaba da nomawa. Allah ya nuna mana gaskiya ya ba mu ikon faɗin ta, ko da a kan gidajenmu ta faɗa.